Na zuba kuɗin Yayana a katunan Pokémon, yanzu kunya ta hana ni barci

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 27. Tun ina firamare nake son katunan Pokémon, har yau ina da tsohon kundin da nake jera su a ciki. A da sha'awa ce kawai. Sai na fara kallon bidiyon manyan taurari suna buɗe kwalaye ana ta kiran miliyoyin daloli, na ce ashe abin da nake wasa da shi dukiya ce. Na kwashe ajiyata ta shekara biyu na zuba. Da ta ƙare na je wurin Yayana na ce ya ranta mini zan ja jari. Ban gaya masa jarin mene ne ba, shi ma bai tambaya ba saboda ya yarda da ni. Na sayi katuna 11 da aka tantance, da kwalaye 6 da ban buɗe ba, sauran kuɗin kuma ya tafi wajen masu buɗe fakiti kai tsaye a intanet da daddare. Yanzu in na yi lissafi, abin da ke hannuna bai kai rabin abin da na kashe ba. Wani mai bidiyo da nake bi ya ce jerin da za a fitar nan gaba zai ninka kuɗinsa cikin wata shida, shi ne nake tunanin in ci bashi a manhaja in shiga, ko Allah zai sa in mayar da asarata. Yaya ya fara tambayata yaya kasuwa, ni kuwa sai kauce-kauce nake yi. Abin da ya fi ci mini rai, rannan ɗansa mai shekara tara ya ɗauko katunan ya ce mu buga, na daka masa tsawar da sai da ya yi kuka. Malam, in ci bashin ko in haƙura? Kuma da wane ido zan kalli Yaya?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da abin da ba ya jira: kada ka ci wannan bashin. Ko an rantse maka katin zai ninka sau goma, kada ka ci. Idan manhajar tana cikin wayarka, goge ta tun kafin ka ƙarasa karanta amsar nan. Sauran maganar sai mu bi ta a tsanake.

Ban ga wauta a wasiƙarka ba. Na ga mutumin da ke son abu tun yana yaro, aka bi ta ƙofar son nan aka shiga aljihunsa. Kuma guguwar da ta ɗauke ka ta ɗauki mutane da yawa. Katunan Pokémon, wato katunan wasa masu zanen halittun ƙirƙira, sun fara fita a Japan a 1996, na Turanci suka biyo baya a 1999, aka yi shekara da shekaru masu sonsu na harkarsu ba hayaniya. Sai annobar korona ta zaunar da duniya a gida a 2020. A watan Oktoba na shekarar Logan Paul, wanda ya yi suna a YouTube, ya sayi kwalin bugun farko a kan dala sama da 200,000, ya buɗe shi kai tsaye dubban ɗaruruwan mutane na kallo. A cikin watan nan mawaƙi Logic ya biya kimanin dala 220,000 a kan katin Pokémon mai suna Charizard ƙwaya ɗaya. Daga nan abin ya rikice. A farkon 2021 da McDonald's ya sa katunan cikin abincin yara a Amurka, manya ne suka riƙa kwashewa suna kaiwa intanet. Kamfanin tantancewa na PSA, mai duba ingancin kati ya ba shi maki daga 1 zuwa 10 ya rufe shi a gidan roba, ya dakatar da karɓar yawancin katuna a ƙarshen watan Maris saboda aiki ya yi masa yawa. A watan Mayu kantunan Target suka daina sayar da katunan a cikin shago na ɗan lokaci, bayan wani rikici a wurin ajiye motoci a jihar Wisconsin wanda har sai da aka zaro bindiga.

Abin da nake so ka riƙe a duk maganar nan shi ne, kai da tauraron da kake kallo ba abu ɗaya kuke saya ba, ko da hoton da ke jikin katinku iri ɗaya ne.

Dubi Logan Paul ɗin. A 2021 ya mallaki katin Pikachu Illustrator mai maki 10 a cinikin da ya kai dala 5,275,000. Bai kulle shi a akwati ya yi shiru ba. A watan Afrilu na 2022 ya rataya shi a wuya cikin sarƙa ya shiga fagen kokawa na WrestleMania, kundin Guinness ya ba shi shaida, jaridun duniya suka buga. Kati ya saya, amma tare da katin ya sayi labari, labarin kuma shi ne ainihin sana'arsa. Duk wanda ya danna bidiyon ya biya shi wani abu, har da kai. Abin da ya fi nuna maka haka shi ne ranar da aka cuce shi. A ƙarshen 2021 ya biya dala miliyan 3.5 a kan wani babban kwali da aka ce kwalayen bugun farko ne a ciki, har wani sanannen kamfanin tantancewa ya sa hannu a kai. Da aka buɗe a watan Janairu na 2022 sai ga katunan G.I. Joe, waɗanda ba su da alaƙa da Pokémon, jabu ne gaba ɗaya. Me ya biyo baya? Bidiyon buɗewar ya samu miliyoyin masu kallo, wanda ya sayar masa kuma ya mayar masa da kuɗinsa. Mutumin da ko asararsa haja ce, yaya za ka auna kanka da shi? Kai idan aka sayar maka da jabu, ba kyamara, ba lauya, ba mai jin kunyarka ya dawo maka da ko sisi.

Ba ina cewa duk tauraron da ya riƙe kati mayaudari ba ne. Mawaƙi Post Malone ya daɗe yana buga wani wasan kati mai suna Magic: The Gathering, kuma da ya biya dala miliyan 2 a 2023 a kan katin da ƙwaya ɗaya tak aka buga, na yarda son abin ne ya kai shi. Amma kuɗin da ya fitar bai hana shi barci ba, kuma ba na yayansa ba ne. Shi ma Drake ya sayi kwalayen katunan ƙwallon kwando masu tsadar gaske a 2022 yana neman wani kati na LeBron James, ya buɗe a idon jama'a bai samu ba, washegari ya ci gaba da harkokinsa. Su nishaɗi suke yi da rarar kuɗi. Mai kallo ne ke ɗaukar nishaɗin nan a matsayin darasin kasuwanci.

Yanzu mu zo kan mai bidiyon da ya yi maka alkawarin ninki cikin wata shida. Ban san shi ba, ba kuma zan ɗora masa laifin da ban gani ba, amma kai kana iya bincikawa. Koma bidiyoyinsa na bara da na bara waccan, ka ɗauki takarda ka rubuta duk katin da ya ce zai tashi, sannan ka duba nawa ake sayar da shi yau. Ka lura ko ya taɓa dawowa ya ce jama'a na yi kuskure. Ka duba ƙasan bidiyon ko akwai adireshin shagon da yake tura mutane, don yawanci akwai kamasho a kan duk wanda ya saya ta nan. Ka kuma kalli bayansa, ko kwalayen da yake zuzutawa suna jere a kanta. Mutumin da ya riga ya tara kaya, duk yabon da ya yi musu talla ce, ko shi da kansa ya yarda da abin da yake faɗa. Idan dubu goma suka ji maganarsa suka ruga saye, farashi zai tashi da gaske na ɗan lokaci, kowa ya ce ai ga shi ya faɗa. A daidai lokacin nan ne wanda ya saya da wuri yake sayarwa, wanda ya zo daga baya kuma shi ake bari da kaya a hannu.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa a bidiyoyin nan ba, wato dalilin da ya sa tsohon kati ke tsada. Pikachu Illustrator kyauta ce da aka bai wa waɗanda suka ci gasar zane ta wata mujallar yara a Japan wajen 1998, kwafinsa kusan 40 ne kacal. Katin ɗan wasan baseball na Amurka Mickey Mantle na 1952 da aka sayar dala miliyan 12.6 a 2022, darajarsa ta zo ne daga cewa yaran wancan zamani wasa suka yi da nasu, suka lanƙwasa, suka ɗaure da roba, iyaye suka share suka zubar. Ba wanda ya ɗauke su dukiya, shi ya sa mai kyau a cikinsu ya yi ƙaranci. Yau fa? Kamfanin Pokémon da kansa ya bayyana cewa ya buga katuna biliyan 11.9 a shekarar kuɗinsa ta 2023 zuwa 2024 kaɗai. Kuma kowa ya waye: daga fakiti sai leda, daga leda sai gidan roba. Kwalayenka shida da ba ka buɗe ba, akwai dubban mutane da suka ɓoye irinsu da niyya irin taka. An taɓa yin haka a Amurka da katunan wasanni daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990. Kamfanoni suka yi ta bugawa, iyaye suka yi ta tarawa da sunan kuɗin karatun yara, yau yawancinsu ko kuɗin kwalin da aka zuba su ba za su mayar ba. Ƙarancin da kamfani ke riƙe da makullinsa ba abin dogaro ba ne. A 2023 da gidan tarihi na Van Gogh da ke Amsterdam ya raba wani katin Pikachu na musamman, 'yan kayi-nayi suka yi ta turmutsitsi har aka daina rabawa, farashi ya yi sama, bayan 'yan watanni kuma aka sake fito da wasu ta shagunan ƙasar Holan.

Har katunan da ke da tarihi na gaske ba su tsira daga hawa da sauka ba. Katin ɗan ƙwallon kwando Michael Jordan na 1986 mai maki 10 an sayar da shi dala 738,000 a farkon 2021, kafin a cika shekara biyu ana samun irinsa a ƙasa da rabin haka. Zan gaya maka gaskiya, wasu katunan sukan sake tashi bayan sun faɗi, na Pokémon ma sun sha yin haka, kuma mai yiwuwa wani daga cikin naka ya tashi wata rana. Sai dai mai cin wannan ribar shi ne wanda zai iya jira shekara biyar ko goma ba tare da kowa ya buga masa ƙofa ba. Mai kuɗin bashi ba shi ke zaɓar ranar sayarwa ba, mai bin sa ne ke zaɓa masa. Manhajar da kake shirin shiga kuwa ruwanta na hawa kowane wata, ko kasuwa ta tashi ko ta kwanta. Garin neman gira kada ka rasa ido.

Batun buɗe fakiti kai tsaye da daddare, ba zan saka masa riga ba: caca ce. Na zauna na kalli irin shirin nan har ƙarfe biyu na dare don in fahimci abin da ke jan mutane. Agogo na ƙirga daƙiƙu a gefen allo, mai shirin yana kiran sunanka kamar kun saba, yana jan katin ƙarshe a hankali da ɗan yatsa har ka riƙe numfashi, idan wani ya dace a kaɗa ƙararrawa a yi ihu. Mutum ashirin da suka tashi da katunan da ba su kai kuɗin aikawa ba, ba a kaɗa musu komai. Kwali ɗaya fakiti 36 ne, katin da kowa ke nema kuwa yakan fito sau ɗaya a ɗaruruwan fakiti. Mai shirin ya riga ya ci ribarsa tun da ya sayar wa masu kallo da guraben shiga buɗewar, ko me ya fito. Wannan tunanin da ke zuwa maka na bari in ƙara sau ɗaya in mayar da abin da na rasa, shi ne alamar da ta fi ba ni tsoro a wasiƙarka, domin abin da duk mai caca yake faɗa wa kansa ke nan. Ka fita daga shafukan, ka cire katin bankinka daga cikinsu, ka kashe sanarwarsu. Idan bayan sati biyu ka ga hannunka na komawa da kansa, to abin ya fi ƙarfin niyya, ka nemi mai ba da shawara kan matsalar caca, babu abin kunya a ciki.

Ni ma na ɗanɗana kaɗan daga wannan. Da hotunan 'yan ƙwallo na girma, irin waɗanda ake mannawa a kundin gasar cin kofin duniya. Da na girma na taɓa sayen katin wani matashin ɗan wasa a satin da ya ci ƙwallaye kowa na kiran sunansa, a farashin da na san ya yi yawa. Bayan wata uku ya ji rauni a gwiwa. Katin yana nan a wurina, kuma duk lokacin da na gan shi nakan tuna cewa ban taɓa son ɗan wasan ba, ihun mutane na saya.

To me za ka yi da abin da ke hannunka? Ka ware yini guda ka zazzage komai a kan tebur. Kowane kati ka nemi farashin da aka sayar da irinsa a 'yan makonnin nan, ba wanda ake nema ba. A eBay, dandalin saye da sayarwa na intanet, akwai wurin da ke nuna cinikin da aka kammala, shi za ka duba, kuma ka ɗauki tsakiyar ciniki da yawa, kada ka kama mafi tsada ka rungume. Ko cinikin da aka kammala ma a yi hattara da shi, domin a watan Agusta na 2021 eBay ta dakatar da PWCC, ɗaya daga cikin manyan dillalan kati, bisa zargin ana ƙara farashin bogi a gwanjonsa, ko da yake kamfanin ya musanta. Katunanka da aka tantance, kowanne na da lamba a jikin gidansa. Shigar da ita a shafin kamfanin da ya tantance ka tabbatar ta dace da katin, sannan ka duba adadin irinsa da suka samu maki ɗaya. Idan dubbai ne, ka san ba ƙaranci ka riƙe ba. Daga abin da ya fito ka cire la'adar dandalin sayarwa, wadda a eBay takan kai kusan kashi 13 cikin ɗari, ka cire kuɗin aikawa. Lambar da ta rage ita ce gaskiyar abin da ka mallaka. Za ta yi ɗaci, amma ta fi wadda kake juyawa a kai da tsakar dare sauƙin ɗauka.

Kada ka aika wasu katunan a tantance da fatan maki 10 zai cece ka. Ka ɗaga ɗaya a gaban fitila ka karkata shi, za ka ga ɗan farin da ke bakin shuɗin bayansa, ko siririn karce a fuskar, ko zanen ya ɗan fi matsawa gefe guda. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya mayar da shi 8 ko 9, kuma a sabon kati sau da yawa hakan bai biyan kuɗin tantancewar.

Duk abin da ka saya don an ce zai tashi, ka sayar, a hankali cikin wata biyu ko uku, ba a rana ɗaya cikin firgici ba. Kuɗin kuma kai tsaye wurin Yaya, kada ya kwana a asusunka. Tsohon kundinka na yarinta kuwa kada ka taɓa shi. Wannan naka ne tun kafin wani tauraro ya san da shi.

Saura mai wuyar. Ka je wurin Yaya a cikin satin nan, kafin ka sayar da ko kati ɗaya, kuma kafin ya ji a bakin wani. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Kada ka yi masa saƙo, ka same shi shi kaɗai a lokacin da hankalinsa ke kwance, takardar lissafin tana hannunka. Ka ce masa: Yaya, na zo in faɗa maka gaskiyar da na ɓoye. Kuɗin da ka ba ni katuna na saya, na yi asara, ga abin da ya rage, ga abin da zan iya ba ka duk wata daga abin da nake samu har in gama. Kada ka kawo sunan Logan Paul ko mai bidiyo a wurin, don zai ji kamar kana neman wanda za ka jingina wa laifi. Kada kuma ka yi alkawarin adadin da ya fi ƙarfinka don ka faranta masa a ranar. Zai yi fushi, kuma yana da gaskiya. Ina zaton ɓoyewar za ta fi kuɗin yi masa ciwo, tunda ka ce bai ma tambaye ka ba saboda yarda. Ka bar shi ya faɗi abin da ke ransa, kada ka katse shi. Mutumin da ya ba ka kuɗi ba tare da tambaya ba yana ƙaunarka, kuma wata uku na biya a kan lokaci zai gyara abin da rantsuwa ɗari ba za ta gyara ba.

Ɗan Yayan naka kuma, na daɗe ina tunaninsa tun da na karanta wasiƙarka. Shi kaɗai ne a labarin nan ya ɗauki katunan don abin da aka yi su. Kana da shekarunsa ka fara, kuma na tabbata a lokacin ba ka san farashin ko ɗaya ba, ka dai san wanda ya fi ƙarfi da wanda zanensa ya fi burge ka. Ka kira shi ka ba shi haƙuri da bakinka, yara na riƙe irin wannan. Cikin tarin da ka samo daga buɗe fakitin dare akwai ɗaruruwan katunan da ba su da kasuwa, sun ishe ku haɗa tari biyu na katuna 60, ɗaya naka ɗaya nasa. Ku zauna a ƙasa ka koya masa yadda ake ɗora katin kuzari da yadda ake ɗaukar katunan kyauta shida. Idan ya lanƙwasa ɗaya, ka bar shi.

Ka sake rubuto mini bayan ka ga Yaya, ka gaya mini abin da ya ce da adadin da kuka tsayar na kowane wata.